WAI INA KABI TAKE? TAMBAYA GA MASU FAƊA A KAN SUNA

Duk lokacin da maganar ƙirƙiro sababbin jihohi ta taso, aka ambaci jihar Kainji, sai ka ga ƴan uwanmu na ƙasar Zuru sun rabu gida biyu a Facebook. Wasu su ce ai mu tun fil azal ba Kabawa ba ne, haɗa mu kawai aka yi. Wasu su ce ina, ai kakanninmu su ne dakarun Kanta, da kafaɗarsu aka gina daular Kabi, don haka ba wanda ya fi mu gadon sunan. Kowa yana magana da ƙarfin hali kamar yana wurin aka yi abin. Ni kuma abin da nake so in tambaya shi ne, wace Kabin ake nufi? Domin wallahi idan ka zauna ka bi tarihin, sai ka ga ita kanta Kabin sai an yi da gaske kafin a nuna ta da yatsa.

Ku duba yadda abin yake a yau. Jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991 zamanin Janar Babangida ita ta ɗauki sunan. Babban birninta Birnin Kabi, amma sarkin da ke zaune a Birnin Kabi Sarkin Gwandu ne. Wanda ake kira Sarkin Kabi, magajin Kanta, yana Argungu. Shi kuwa Surame, birnin da Kanta ya zauna ya yi mulki, kufansa ma ba a jihar yake ba, yana cikin jihar Sakkwato, wajen Binji da Silame. Suna a nan, sarauta a can, kufai a wata jiha. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya rage murya.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan rigima ba, kuma akwai waɗanda tasu ta fi tamu tsufa. Mutanen Japan sun shafe shekaru kusan 300 suna gardama a kan wata daula tasu ta dā da ake kira Yamatai. Abin da ya jawo shi ne, labarin daular ba daga littattafansu ya fito ba. Wani marubucin ƙasar Sin ne, Chen Shou, ya rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 3 cikin tarihin daular Wei, a wani ɗan sashe da bai wuce haruffa kamar 2,000 ba. Ya ce wata sarauniya ce ke mulkin ƙasar, sunanta Himiko, ta aika da manzanni fadar Wei wajen shekarar 238 ko 239, aka ba ta hatimin zinariya da madubai 100 na tagulla, kuma da ta mutu wajen 248 aka yi mata ƙaton kabari kamar tsauni. Har kwatancen hanya ya bayar tun daga Koriya, gari bayan gari, sannan ya ce a yi kudu kwana 20 a ruwa, a ƙara yin kudu kwana 10 a ruwa da wata guda a ƙasa. To matsalar ita ce duk wanda ya bi kwatancen nan yadda yake, sai ya wuce Japan ɗin gaba ɗaya ya faɗa tsakiyar teku.

Sai masana suka rabu. Wasu suka ce nisan ne ya yi kuskure, daular tana tsibirin Kiyushu. Wasu suka ce a'a, kudun da ya ce ne kuskure, gabas yake nufi, daular tana yankin Nara inda sarautar Yamato ta kafu daga baya. A 1910 manyan malamai biyu, Shiratori Kurakichi na jami'ar Tokyo da Naito Konan na jami'ar Kiyoto, suka kafa sansani biyu, kuma har gobe almajiransu ba su sauka ba. Sunan ma ba a tsira ba. Kwafin littafin mafi tsufa da ya rage, bugun ƙarni na 12 ne, kuma harafin ƙarshe na sunan a cikinsa ana karanta shi "ichi", wato Yamaichi. Wani littafin Sin na ƙarni na 5 kuma ya rubuta harafin da ake karantawa "tai". Haruffan biyu sun yi kama sosai, mai kwafa zai iya zamewa. Wani mai suna Furuta Takehiko ya fitar da littafi a 1971 yana cewa babu ma wata daula mai suna Yamatai, kuskuren alƙalami ne aka gina wa gida. Kuma kada ku ɗauka gardamar malamai ce kawai. In daular tana Nara, to gidan sarautar Japan na yanzu yana iya jingina da ita. In tana Kiyushu, to akwai wata sarauta dabam da aka shafe labarinta. Wato dai maganar wa ya riga wa ce, irin tamu sak.

Mu dawo gida. Rubutu mafi tsufa da ke ba da labarin tashin Kanta shi ma ba a Kabi aka yi shi ba. Tarikh al-Sudan ne, na Abdurrahman al-Sa'di, mutumin Tumbutu, wanda ya kammala wajen 1655, wato kusan shekara 140 bayan faruwar abin, kuma daga ɓangaren waɗanda Kanta ya yi wa tawaye. Ya ce Askiya Muhammadu na Songhai ya kai yaƙi Agadas wajen 1515 zuwa 1516, Kanta yana cikin rundunarsa. A hanyar dawowa Kanta ya nemi kasonsa na ganima a wurin Dendi-fari, babban hafsan Askiya na yankin, aka hana shi, shi kuwa ya ce bai san zancen ba. Aka gwabza, ya ɓalle. Askiya ya sake aiko da yaƙi bai ci nasara ba. Bayansa Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya zo da kansa, Kanta ya kore shi kora mai muni a wani wuri da littafin ya kira Wantaramasa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A wannan labarin na tawaye al-Sa'di bai kira shi Sarkin Kabi ba. Mai Leka ya kira shi. Kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san halin rubutun Larabci idan babu wasali. Lam, ya, kaf. Kana iya karanta shi Leka, kana iya cewa Lika, kana iya cewa Liki ko Laika, shi ya sa za ka ga kowane mai fassara da irin nasa. Mu a ajami muna da ɗigon imala da ke nuna "e", amma magatakardan Tumbutu da ke kwafar littafi ba lallai ya damu da shi ba. Haka sunan mutumin, wani ya rubuta Kotal, wani Kuta. Ita kanta kalmar Kanta, alamu sun fi nuna sarauta ce ba sunan yanka ba, domin an ci gaba da kiran magadansa da ita. Bayan Maroko ta karya Songhai a Tondibi a 1591, Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko da wasiƙar barazana ga sarkin Kabi na lokacin a kan taimakon da yake ba ragowar Askiyoyi, kuma Kanta Dawuda ya kira shi. Wannan wasiƙa tana nan, masanin nan John Hunwick ya fassara ta. Ni a wurina tana cikin manyan shaidun girman Kabi, don ba a rubuto wa ƙaramin sarki wasiƙa daga Marrakesh.

To ina Leka take? Gidan sarautar Argungu har yau Lekawa ake ce musu, ke nan sunan bai mutu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya lissafa Leka tare da Gungu da Surame a matsayin biranen Kanta, kuma a kan haka akasarin masu tarihi suke neman ta a kwarin Gulbin Kabi, kusa da sauran biyun. Wannan shi ne ra'ayi mai ƙarfi, ban musa ba. Sai dai akwai abin da ke tsaya mini a rai. Labarin baka na Kabawa da kansu ya ce Kanta ba a kwarin nan aka haife shi ba. Sun ce ubansa Makata ne, uwarsa Tamatu ƴar Sarkin Katsina, kuma ya taso ne a Kuyambana, ƙasar Katsina ta kudu, ya yi kiwo, ya yi dambe da kokawa, aka hana shi gadon sarautar ubansa ya yi fushi ya yi yamma da mutanensa. Wannan yanki na kudancin tsohuwar ƙasar Katsina kuwa da wane suna aka san shi? Katsina Laka. Ban ce Leka ita ce Laka ba, kamannin suna ba hujja ba ne, kuma shi ne ramin da masu son tarihi suka fi faɗawa. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da suka yi ƙaura sukan tafi da sunan garinsu su liƙa wa sabon wuri, kuma wannan tambaya ce da ta cancanci a bi ta da bincike ba da kirari ba.

Ku kuma lura da inda Kuyambana take. Dajin nan ne na wajen Ɗansadau a jihar Zamfara, wanda yau ba a ambatonsa sai a labarin ƴan bindiga, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Daga can zuwa Bena da Wasagu ai maƙwabtaka ce. Wato idan labarin bakan nan gaskiya ne, mahaifar Kanta ta fi kusa da ƙasar Zuru nesa ba kusa ba a kan Birnin Kabi. Masu cewa ba abin da ya haɗa mu da Kanta, sai ku riƙe wannan.

Akwai wani abin mamaki kuma. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga a 1550. Zamanin Kanta ke nan daidai. Ya kawo Gobir, Agadas, Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara, da wata ƙasa da ya kira Guangara wadda ita ma har yau ana gardamar inda take. Bai keɓe wa Kabi babi ba. Daular da Bello ya ce ta mallaki Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin har da wani ɓangare na Songhai, marubucin zamaninta bai sa ta a jerinsa ba. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne, labaran da ya tattara na kafin tawayen ne, lokacin Kabi tana lardi ƙarƙashin Songhai. Amma wannan ma yana koya mana wani abu, cewa Kabi ta Kanta sabuwar aba ce da ta tashi cikin ƙanƙanin lokaci, duk da jerin sarakunan da ake lissafawa kafin shi.

A kan wannan jerin sarakuna ne wani Bajamushe, Dierk Lange na jami'ar Bayreuth, ya rubuta maƙala a 2009 yana cewa sunayen sarakunan Kabi na farko sunayen sarakunan Assuriya da Babila ne, wai ƴan gudun hijira ne suka kafa ƙasar wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, har ya haɗa labarin Kanta da na Sargon na Akkad. Na ga matasa suna yaɗa wannan da murna, don kowa na son a ce kakansa daga gabas ya zo. Akasarin masana ba su karɓi maganar ba, ni ma ban karɓa ba. Idan ka ɗauki sunaye biyu ka yarda ka canza wasali ka jefar da harafi, to ko Zuru sai ka mai da ita Assuriya kafin la'asar. Haka masu cewa Kabi daga Ka'aba aka samo ta. Daɗin ji gare shi, amma daɗin ji ba shaida ba ne. Mu dai abin da muka sani, Bahaushe Kabi yake cewa, Bakabe, Kabawa. Kebbi rubutun Bature ne, shi ne kuma ya hau kan takardun gwamnati.

Sannan Kabin ba ta zauna wuri ɗaya ba. Surame ta yi zamaninta, birni mai ganuwar dutse da laka. Ana ba da labari wai da Nufawa suka makara zuwa aikin ganuwa, Kanta ya sa su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗe maimakon ruwa. Bello ya kawo cewa Sarkin Barno ya zo ya kewaye Surame bai ci ta ba, Kanta ya bi shi har Nguru, a hanyar komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka kawo gawarsa gida. Wajen shekarar 1700 ƙarfi ya ragu, Gobir da Zamfara da Azbin suka taso, aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma Birnin Kabi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka yi ta fafatawa, aka kashe Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, Argungu ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin da muke alfahari da shi, ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ta 1934 ce ta ɗaga shi, alamar an binne gabar. To wanda ya ce "mu ƴan Kabi ne" ko "mu ba ƴan Kabi ba ne", wacce yake nufi, ta Leka, ta Surame, ta Birnin Kabi, ta Argungu, ko ta Babangida?

Af, kada in manta. Ita Kabin da ake tinƙaho da ita, a lissafin da Bello ya kawo cikin Banza Bakwai aka jefa ta, tare da Zamfara da Yawuri da Nupe da sauransu. Wato su ma Kabawa akwai waɗanda suka taɓa kallon su a matsayin na gefe. Duniya ke nan.

Yanzu ga namu sunan, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Dakarkari. Bayanin da ya fi yawo shi ne daga "dakare" aka samo shi, sojan ƙasa, wai mutanenmu ne dakarun Kanta, da daular ta raunana suka gangaro kudu suka hau duwatsu. Jami'an mulkin mallaka sun rubuta irin wannan, kuma P. G. Harris ya fitar da dogon bayani a kan mutanen a 1938. Labarin ya samu karɓuwa don ya dace da abin da ido ke gani. Ƙasar da ta fitar da su Janar Sani Sami da Janar Ishaya Bamaiyi da Janar Tanko Ayuba, wadda kusan kowane gida akwai mai kaki, wa zai yi musun cewa jikokin dakaru ne? Amma fa a lura, wannan suna ne da maƙwabci ya raɗa. Mutanen suna kiran kansu Lelna, harshensu C'lela. Kuma harshen nan ba ɗan uwan Hausa ba ne, ba na Zabarmanci ba. Masana harshe sun sa shi cikin dangin da suke kira Kainji, tare da Dukanci da Fakanci da harsunan Kambari. Harsuna ƴan uwa da suka bazu a yanki ɗaya, kowanne ya yi nisa da ɗan uwansa har ba a jin juna sosai, wannan alama ce ta daɗewa a wurin, daɗewar da ta wuce shekara 500 na Kanta.

Ni hukuncina, abu biyun na iya zama gaskiya a lokaci guda. Mutane suna nan a ƙasarsu tun kafin Kanta, da Uholarsu da Golmonsu da tukwanen da suke ɗorawa a kan kaburbura. Kanta ya taso a maƙwabtansu, ya ɗebi mayaƙa daga cikinsu, ko da yarda ko da tilas, waɗansu suka dawo, sunan aikin ya bi dukan ƙabilar. Yin wa sarki aikin soja bai mai da kai ɗan gidansa ba, bai kuma mai da kai baƙo a tarihinsa ba. Kuma masarautar Zuru ba Lelna kaɗai ba ce. Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu kowacce da nata labarin, akwai Fakkawa, Dukkawa, Kambari, Acifawa, akwai Katsinawan da suka daɗe a gabas. Wanda ya ɗauki labarin dakarun Kanta ya shimfiɗa a kan kowa, ya yi wa sauran abin da yake kukan an yi masa. Shigarmu jihar Kabi kuwa ba Kanta ne ya sa hannu ba. Turawa sun yi ta jefa ƙasar nan tsakanin lardin Kwantagora da na Sakkwato da na Neja, a 1976 aka bar ta a jihar Sakkwato, a 1991 ta faɗo Kabi. Mai son Kainji ya kawo hujjar hanya da asibiti da tsaro da rabon muƙamai, mai son zama ya kawo tasa. Waɗannan hujjoji ne da za a iya aunawa. Amma a daina jan Kanta zuwa zauren majalisa.

Inda Japanawa suka fi mu shi ne, da gardamar takarda ta ƙi ƙarewa sai suka ɗauki magirbi. A Kiyushu sun tono Yoshinogari daga 1986, ƙaton gari mai ganuwa da hasumiyar tsaro, masu ra'ayin Kiyushu suka yi ta murna. A Nara sun tono Makimuku, a 2009 suka samu harsashin wani babban gini na ƙarni na 3, kusa da kabarin Hashihaka mai tsawon mita kusan 280 wanda wasu ke zaton na Himiko ne, ko da yake hukumar fadar sarki ta hana a tona shi. Har ƙwallayen ƴaƴan itacen da aka samu a wurin sai da aka kai ɗakin gwaji aka auna shekarunsu. Ba su gama gardamar ba, amma yanzu kowane ɓangare da abin da zai ajiye a kan tebur.

Mu fa? An ayyana Surame cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, an sa ta a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, kuma har yanzu a jerin jiran take. Ga gidan tarihin Kanta a Argungu, ga jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta tarayya a Birnin Kabi, ga sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a jami'ar Ahmadu Bello. A. R. Augi da S. U. Lawal sun tattara littafi a kan tarihin mutanen masarautar Zuru tun 1990, matasa nawa ne cikin masu zafin sharhi suka taɓa buɗe shi? Tsofaffin ƙauyukan kan dutse na ƙasar nan suna nan da kaburburansu da fasassun tukwanensu. Gawayi ɗan kaɗan daga ƙasan murhun ɗaya daga cikinsu, in aka kai ɗakin gwaji, zai faɗa mana ko an hura wutar kafin 1516 ko bayanta. Idan ƙungiyoyin ci gaban ƙasar Zuru za su ware ko da rabin abin da ake kashewa a taron shekara su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ya yi wannan aiki, su kuma sa a naɗi muryoyin dattawan Dabai da Ribah da Mahuta da Dirin Daji tun suna da rai, ni zan fara ba da nawa.